Rumfar Jiya da Rumfar Gobe

Tun ranar da muka sauka daga jirgi ƙawayena ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta shigo ta ce Jummai yaya Yamma, waccan ta tare ni a hanyar rijiya ta ce wai da gaske ne na sha hannu da matar babban Bature. Ni kuwa bakina bai gama warkewa ba, doguwar magana tana sa shi zogi, kuma da na fara ba da labarin sai in tsaya a tsakiya. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita. Sunan makarantar dai ba zan sa ba, in kun kai ƙarshe za ku ga dalili.

Makarantar koyon aikin likita da jinya ce a ƙasar Yarabawa, ta cika shekara ashirin da biyar da kafawa. Masu ita suka ga ya kamata ranar bikin su nuna wa duniya wani abin da ba su taɓa yi ba, wato ɗaukar 'yar Arewa. Aka bincika aka faɗo kaina, don na gama sakandare, Turancina kuma ba ya ba da kunya. Kun san tun muna aji abin da nake so ke nan, in koyi karɓar haihuwa in dawo Minna, inda mata suka gwammace su sha wuya a ɗaka da su je wurin da namiji zai duba su. Babana ya gama shaida wa kowa a ofishin kaya na tasha cewa 'yarsa za ta zama nas. Amma tun a gida an faɗa mana gurbin bai tabbata ba, sai an gan ni, an auna lafiyata, an kuma ga halina a wurin bikin.

Mu uku muka tafi. Akwai Gwaggo Tabawa, yayar babana, wadda aka haɗa ni da ita don kada a ce budurwa ta yi tafiya ita kaɗai. Ita ba ta taɓa wuce Zungeru ba, amma ta ji an ce Yarabawa na son ƙuli-ƙuli, saboda haka ta ɗauko buhu guda. Sai Malam Ndagi, disfensan unguwarmu, mutumin Bida, wanda yana cikin ɗaliban farko na makarantar, an kuma gayyace shi ya karɓi lambar girma. Kun san shi, shi ne wanda har yau yake ce wa mace "kai".

A aji na uku muka zauna, kan bencin katako, tsakanin wani mai kwandon kaji da wata Bayarabiya mai sayar da atamfa a Sabon Gari. Kafin jirgi ya tashi wata Bafulatana daga Maikunkele da Gwaggo ke sayen nono a wurinta ta miƙo mana ƙwaryar fura ta taga, ta ce guzuri ne. Malam Ndagi ya rataye wata baƙar kwat a ƙugiya kusa da kansa, tana ta warin kafur, ya ce kada wanda ya taɓa. Ba mu yi nisa ba jirgi ya ja birki da ƙarfi saboda shanu a kan layi, ƙwaryar ta tashi daga cinyar Gwaggo ta sauka a kan kwat ɗin. Malam Ndagi ya dubi sama. Gwaggo ta ce ai fura ba najasa ba ce. Har muka kai Jebba yana kankare gero da farce.

Abin da na lura da shi a hanya, Malam Ndagi raguwa yake yi daga Malam yana ƙaruwa zuwa Mista. Da muka hau gadar Kwara, ni ina riƙe da hannun Gwaggo ina salati saboda faɗin ruwan, shi kuwa ya cire hularsa ya ninke ya sa a aljihu. A Ilori ya tuɓe babbar riga ya ɗaura laktaye. Daga nan ya daina amsa min da Hausa, ya ce in saba da Turanci tun yanzu. Bayarabiyar nan ta yi ta kallonsa tana dariya, ta ce da ni kada in damu, ita ma in ta wuce Offa mantawa take yi da Hausa, sai in ta hango wanda take bi bashi.

Bayan Offa kaɗan aka ce mun fita daga Arewa. Ni na zaci zan ga ganuwa ko ƙofa, ashe ba komai sai wata ƙaramar tasha da 'yan lamba masu rigakafi, domin an ce agana ta ɓulla a wasu garuruwa. Suka hau jirgi cikin kakinsu, kowa ya buɗe damtse a ga tabon lamba, wanda ba shi da shi a tsaga masa nan take. Ni na nuna nawa na makaranta. Da aka zo kan Gwaggo ta ce ita ba ta buɗe wa ƙato hannunta. Malam Ndagi ya fara ba su haƙuri da Turanci mai tsawo. Gwaggo ta gaji, ta janye mayafi daga fuskarta ta nuna musu zanzanar da agana ta bar mata tun tana yarinya, ta ce a gaya musu ita Allah da kansa ya yi mata tata lambar, kuma bai tsaya a damtse ba. Suka wuce. Mai kaji ne ya sha tsaga, yana ta rantsuwa an yi masa bara.

Da muka sauka daga jirgi sai lori. Gwaggo ta zauna kan buhunta ta ƙi a ɗora shi sama. Itatuwa suka rufe hanya har rana ba ta isa ƙasa, ni dai abin da nake gani kawai ƙeyar direba da yadda yake juyowa yana hira da mutanen baya alhali motar na gudu. A nan na fara ganin gaisuwar Yarabawa da idona. Wani magidanci da fararen kaya ya sauko daga lorin, ya hango wani tsoho, ya kwanta rub da ciki a kan taɓo. Gwaggo ta ce innalillahi, farfaɗiya, ta yunƙura za ta taimaka. Mu da muke durƙusawa muna ganin mun kai ƙarshen ladabi, ashe akwai na gaba da mu. Kuma ba abin da ba su da gaisuwarsa. Kana zaune a gaishe ka da zama, kana tsaye a gaishe ka da tsayuwa.

Makarantar tana kan tudu, an shafe ta da farar ƙasa har gindin itatuwa da duwatsun bakin hanya. Gwaggo ta jingina da bango ta tashi da farin baya. Ko'ina ɗalibai na ta ɗaura tutoci. Wadda ta karɓe mu wata doguwar Baturiya ce da ake kira Sista Babba, ita ke kula da 'yan mata. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta duba farcena da bayan kunnena, ta ce ba laifi. Aka ba mu wani ɗaki a ƙarshen gidan nas-nas, da gadon ƙarfe biyu da gidan sauro. Gwaggo ta ce ita ba ta kwana cikin abin da ya yi kama da likkafani, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, sauro ya yi biki a kanta.

A can komai da ƙararrawa ake yi, tashi da wanka da ci. A ɗakin cin abinci aka ajiye mana wani tuwo baƙi mai sulɓi, na garin doya, da miya mai yauƙi, da barkonon da ya sa na ji kunnena ya toshe. Tuwon nan kuma da cokali mai yatsu 'yan matan ke ci, don Sista Babba na tsaye. Mutanen Minna da muke ganin mun san doya, ashe ba mu san ana mayar da ita haka ba. Gwaggo ta ɗanɗana ta ce wanda ya tuƙa wannan yana da damuwa a ransa. Kafin yamma ta san duk masu dafa abincin, ta sayar musu da rabin buhunta ba tare da ta ji kalma ɗaya ta bakinsu ba.

Kashegari aka kai ni awon lafiya. Wani matashin likita ne Bature, bai daɗe da zuwa ƙasar ba. Ya auna ƙirjina, ya duba idona, duk lafiya. Sai ya ce in buɗe baki, ya danne harshena da wani ɗan katako, ya haska tocila. Ya ƙara matsowa. Ya sake haskawa. Sai ya fita da sauri ya bar ni da baki a buɗe, ya dawo da wani likitan. Wannan ma ya leƙa, ya kira wani. Kafin in ankara mutane sun cika ɗakin, kowa na leƙa maƙogwarona suna magana da wasu kalmomi da ba a koya mana a aji ba. Ƙawayena, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na tabbata sun ga cutar da za ta kashe ni. Na tuna babana a tasha yana ɗaga hannu, na ce shi ke nan, a ƙasar mutane za a binne ni. Hawaye na zuba, bakina kuma a buɗe, ba wanda ya ce in rufe.

Can sai matashin likitan ya tambaye ni, fuskarsa cike da murna, ko na san ba ni da belu. Ɗan naman nan da ke reto a can cikin maƙogwaro yake nufi, wanda wanzami ke cire wa jariri. Na ce masa na sani, tun ina jaririya wanzamin gidanmu ya cire, kuma kusan duk wadda na sani haka take. Ya ce ya karanta labarin haka a littafi amma bai taɓa gani ba. Ya sa aka kira Malam Ndagi ya tambaye shi ko abin ya yawaita a Arewa. Malam Ndagi ya gyara laktaye ya ce a'a, sai can cikin ƙauyuka, kuma ma yana mutuwa saboda ƙoƙarin tsofaffin ɗaliban wannan makaranta. Ni kuwa na san wanzamin da ya cire nawa shi ya cire na 'ya'yansa duka. Daga ranar har muka baro garin Malam Ndagi bai sake dariya da baki a buɗe ba, ko hamma ta zo masa sai ya juya bango.

Ashe an kafa rumfuna biyu a filin makaranta saboda baƙi. Ta farko an rubuta mata Jiya da Turanci, an jera layu da ƙahon wanzami da asake da saiwoyi da sassaƙe, don a nuna duhun da ƙasa take ciki kafin a kafa makarantar. Ta biyun an rubuta mata Gobe, an jera allurai da kwalabe masu sheƙi da gadon haihuwa, kuma a nan aka shirya zan tsaya cikin farar rigar nas in yi jawabin godiya. Matashin likitan shi ke da rumfar Jiya, kuma abin da ke damunsa duk kayansa matattu ne, ba shi da abu mai rai. Yanzu ya samu.

A gabana suka yi ta jayayya da Sista Babba kamar ba na wurin. Ita ta ce tata ce ni, ita ta nemo ni, an riga an rage wa rigar tsawo. Shi ya ce ilimi ya fi riga. Suka tafi da ni wurin Shugaban makaranta, wani tsoho mai farin gashin baki da ke ta haddar jawabinsa. Ya saurare su da rabin kunne, ya ce ai abin mai sauƙi ne, baƙi za su zagaya Jiya da safe, Gobe kuma sai bayan an ci abinci, saboda haka yarinyar ta yi duka biyun. Na tattaro ƙarfin halina na ce ranka ya daɗe, ina jin kunya. Sista Babba ta dube ni ta ce nas ba ta da kunya, tana da biyayya, kuma ta tuna min ba a riga an rubuta sunana ba.

Na koma ɗaki na faɗa wa Gwaggo. Ta ce in dai buɗe baki ne kawai, ai ko akuya ana buɗe mata baki a kasuwa kuma ba ta mutuwa. Da yamma likitan ya zo da kansa zaɓen kayan da zan sa, domin nawa sun yi masa kama da na 'yan makaranta. Gwaggo ta ji daɗi, ta zazzage akwatinta ta fito da sabuwar atamfarta da ta tanada don bikin. Ya ture ta gefe, ya ɗauko wani tsohon saƙi baƙi da ta naɗe ƙwaryarta da shi, duk ya koɗe, gefensa ya zare. Ya ce wannan ne daidai. Gwaggo ta ce a tambaye shi ko a garinsu haka ake zuwa biki.

Ranar biki aka ɗaura min saƙin nan, aka cire min takalmi, aka rambaɗa min kwalli har kumatu, aka yafa min mayafin Gwaggo ya rufe rabin fuskata. Aka zaunar da ni kan turmi a tsakiyar rumfa, tsakanin layu da ƙaho. Likitan ya ce kada in yi Turanci ko kalma ɗaya, zai ɓata tsarin. Aka fara da badujala, sannan tsofaffin ɗalibai suka yi jerin gwano bisa shekarun fitarsu, Malam Ndagi a sahun gaba da tabon fura a kafaɗa. Shugaba ya yi jawabi mai tsawo a kan haske da duhu, har wani hakimi ya yi barci a kujerarsa. Daga nan aka sako mutane.

Ban san yawan waɗanda suka leƙa bakina ba. Likitoci da fastoci da akawuna da matansu, kowa ya sunkuyo, a danne harshena da katako, a haska, ya girgiza kai ya wuce. Wasu suna tambayar likitan ko ina jin zafi, ko ina iya haɗiye abinci, ina jin su sarai. Wata mata ta ce wa mijinta idona kamar na barewa. Muƙamuƙina ya gaji, yawu na zuba kan saƙin Gwaggo, ba damar sharewa.

Sai babban baƙo ya iso da uwargidansa, wata farar tsohuwa mai hula da furanni da safar hannu. Don a burge su, likitan ya shirya wani ɗalibin ajin ƙarshe ya nuna yadda wanzami ke yi. Ba yanka zai yi ba, zai dai kusanto da askar ne, 'yar siririyar nan mai lanƙwasa a baki. Ɗalibin bai taɓa tsayawa gaban manya irin waɗannan ba. Ya sa askar cikin bakina yana bayani da Turancin da ya haddace. Daidai lokacin mai ɗaukar hoto ya kunna fitilarsa, ta yi wal, ɗalibin ya zabura. Na ji sanyin ƙarfe a cikin kumatuna, sannan ɗumi. Jini ya cika min baki.

Ban yi ihu ba, kuma ba jarunta ba ce, numfashina ne ya tsaya. Na rufe baki na haɗiye. Uwargidan ta dafe ƙirji ta ce kaico, dubi yadda abin yake sa su zubar da jini har bayan shekaru. Likitan ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Shugaba, ya rufe. Aka ja baƙi zuwa cin abinci.

A bayan rumfa aka yi min ɗinki, likitan da kansa, yana ta cewa ƙaramin abu ne, kunnensa ya yi ja wur. Gwaggo ta iso tana zage-zage da Hausa, ta ce wanzamin gidanmu ko a mafarki bai taɓa yankar kumatu ba, ta ce mu tattara mu tafi tasha yanzu. Wallahi na so in bi ta. Amma Sista Babba na tsaye da farar riga a hannu da ruwan ɗumi a kwano. Ta goge min kwallin da kanta, a hankali, ta ɗaura min hular nas. Sannan ta ce saura kaɗan, in daure.

Na tsaya a rumfar Gobe da takalmi da safa, da auduga a cikin kumatu. Na yi jawabin da ta rubuta min, na gode wa makaranta da ta tuna da 'yan'uwana mata da ke cikin duhu. Kowace kalma sai ta ja zaren ɗinkin. Aka yi tafi sosai, Malam Ndagi ya fi kowa. Sai uwargidan nan ta taso ta kama hannuna biyu, idonta da ƙwalla. Ta ce da ma na ga wata baiwar Allah da aka nuna musu da safe, 'yar Arewa kamata, ba takalmi, ba ta jin ko kalma ɗaya, jini na zuba daga bakinta. Ta ce irin waɗannan ne zan koma in ceto. Sai wata dabara ta faɗo mata, ta juya ga Shugaba ta ce a kawo yarinyar a tsayar da mu tare a ɗauki hoto, jiya da gobe a wuri guda, za ta aika da shi Ingila.

Na ga gashin bakin Shugaba na motsi. Ya ce abin takaici yarinyar ta tsorata, danginta sun riga sun tafi da ita. Uwargidan ta nuna ɓacin rai, ta sake juyowa gare ni.

Ta ce, "Ke kin san ta?"

Sista Babba na bayanta, tana kallona ba ta ko ƙiftawa. Malam Ndagi ya sunkuyar da kai yana duban lambarsa. Na ji audugar ta jiƙe, na san in na buɗe baki da yawa za a ga ja a haƙorana. Na yi tunanin matan unguwarmu, na yi tunanin babana da abokan aikinsa. Na buɗe leɓena kaɗan.

Na ce, "Garinmu ɗaya, ranki ya daɗe."

Ta ji daɗi ƙwarai. Ta buɗe jakarta ta ciro sabulu mai ƙamshi da farin hankici, ta damƙa min, ta ce in kai wa yarinyar, in gaya mata akwai masu tunaninta. Na durƙusa na karɓa a madadinta.

Da yamma aka yi shan shayi a gidan Shugaba, ni ban iya shan komai ba. Aka yanka wani ƙaton alkaki na Turawa mai siffar ginin makarantar, Malam Ndagi ya samu taga ɗaya ya naɗe a takarda zai kai wa iyalinsa. A nan Shugaba ya sanar da cewa an ɗauke ni, ya ce bai taɓa ganin yarinya mai nutsuwa irina ba. Matashin likitan bai yarda mun haɗa ido ba. Ɗalibin nan ne kaɗai ya same ni a baranda ya ba ni haƙuri, ya ce shi ma an gaya masa in ya ƙi ba zai fita bana ba.

Dawowa ba ni da abin faɗa da yawa a kai, don kwance na yi yawancinta da kumatu a kumbure. Malam Ndagi ya kwance laktaye a Ilori, ya mayar da hula a Jebba, kafin Zungeru ya koma ce min "kai", yana tambayar yaya bakin. Gwaggo ta riƙe sabulun da hankicin, ta ce nata ne, tunda zanenta ne ya jawo su. Ban yi mata musu ba. Babana ya tarye mu a tasha, ya ji an ɗauke ni, ya rungume Malam Ndagi. Da ya tambayi kumatuna Gwaggo ta ce barkonon Yarabawa ne, ni ma na bar shi a haka.

To kun ji yadda Yamma take. Gurbin nawa ne, bayan Sallah zan koma in fara karatu. Har yanzu in na ga ana fere doya da wuƙa sai in tashi daga wurin, kuma ban san yadda wadda ke tsoron ƙarfe za ta yi aikin asibiti ba, amma zan koya.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa kowa ba sai ku. Safiyar da za mu taho Sista Babba ta rako mu har bakin lori, ta gyara min wuyan riga, ta ce na yi ƙoƙari. Sannan ta ce manyan baƙi sukan ziyarci makarantar lokaci lokaci, kuma likitan ya roƙi a bar rumfarsa a wani ɗaki kada a rushe.

Ta ce, "In za ki dawo, ki taho da zanen nan."

Gwaggo ta riga ta wanke shi, ta ninke, ta ɗora min a kan akwati. Ban sa shi ciki ba tukuna, ban kuma ce a ɗauke ba.